Hukuncin zuba takin dabbobi a lambun kayan miya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan lambu a bakin fadama, ina noma alayyahu, latas, albasa da tumatir. Tun da takin zamani ya yi tsada na koma kwaso kashin awaki daga turke da na kaji daga akurki, wani lokaci kuma in sayi mangala guda wadda ba a rasa kashin jaki a ciki. Wani ya ce min ganyen da ya tashi da najasa haramun ne. Mene ne gaskiya? Kuma zan iya sallah da rigar da na yi aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a lambun. Abin da kake nomawa halas ne, ka ci ka sayar.

Da farko, ba kowane kashi ne najasa ba. A wajen Imam Malik da Imam Ahmad, fitsari da kashin dabbar da ake cin namanta masu tsarki ne: shanu, tumaki, awaki, raƙuma, kaji. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) ya umarci mutanen Uraina su sha nonon raƙuma da fitsarinsu lokacin da suka yi rashin lafiya a Madina, kuma yana yin sallah a makwancin tumaki kafin a gina masallacinsa. Duk wanda ya taɓa shiga turke ya san babu taku ɗaya da zai yi bai taka kashi ba. Imam Shafi'i da Imam Abu Hanifa suna ganin najasa ne, suna kafa hujja da hadisin Ibn Mas'ud inda Annabi (SAW) ya jefar da busasshen kashi ya ce ƙazanta ne. Amma riwayar Ibn Khuzaima ta bayyana cewa kashin jaki ne, don haka ra'ayin farko ya fi ƙarfi a wurina.

Malikiyya sun togace dabbar da ke cin najasa. Kazar da ke yawon juji da bakin masai, kashinta najasa ne. Wadda ke tsare tana cin dusa da hatsi, nata mai tsarki ne. Jaki da doki da alfadari kuwa ba a cin namansu a mashahurin mazhaba, saboda haka kashinsu najasa ne.

To ko da najasar ce aka zuba, shukar ba ta haramta. Shehu Khalil a Mukhtasar ya lissafa shukar da ta tashi da najasa cikin abubuwa masu tsarki, kuma haka Hanafiyya da Shafi'iyya suka tafi. Dalili shi ne abin ya rikiɗe: taki ya ruɓe ya zama ƙasa, saiwa ta tsotsi abin da take buƙata, abin da ya fito albasa ce da sunanta da warinta da ɗanɗanonta. An ruwaito cewa Sa'ad bin Abi Waƙƙas yana takin gonarsa da irin wannan. Mashahurin Hanbaliyya ne ya hana, kuma wataƙila daga nan mai gaya maka ya ɗauko, amma su ma sun ce idan aka ci gaba da ban ruwa mai tsarki har najasar ta gushe, ya halatta.

Sayen mangalar da ke da kashin jaki: asalin mazhabar Malikiyya najasa ba a cinikinta, sai dai malamin Malikiyya Ibn Asim ya ambata a littafinsa Tuhfa cewa an yi rangwame a taki saboda lalura. Manomi ba ya rabuwa da wannan lalurar.

Rigarka, in kashin awaki ko na tsararrun kaji ne ya taɓa ta, sallarka ta yi, kodayake tsayawa gaban Allah da tsaftataccen tufa ya fi. In cakuɗen jaki ne, wanke wurin da ya shafa.

Inda na fi damuwa shi ne lafiyar masu ci. Ɗanyen taki yana ɗauke da ƙwayoyin cuta da ke jawo gudawa da amai, kuma latas da tumatir ɗanye ake ci, yawanci yara da mata masu ciki na cikin masu cin. Annabi (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa. Ka tara takin gefe, ka riƙa yayyafa masa ruwa kana juya shi har ya yi zafi ya huce, ya yi baƙi, warin ya tafi. In ɗanye za ka zuba, ka binne shi a fangali kamar wata huɗu kafin tsinka, kada ka watsa a kan ganyen da ya kusa shiga kasuwa. Abin da ya fantsama a jikin ganye kuma wanke shi wajibi ne in najasa ce, da ruwa mai tsafta, ba ruwan kwata ba.

Wallahu a'alam.