Igiyar ɗaga ƙyallen jirgi tana dukan sanda: ina zan ɗaure ta?

Tambaya: Ina da ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska. Akwai igiyar ɗaga ƙyalle guda ɗaya da ba na amfani da ita, kullum tana dukan sandar jirgin, ƙwal-ƙwal, dare da rana. Na ja ta tam, ba ta daina ba. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, ja ba zai kawo ƙarshen wannan ƙara ba. Muddin igiyar tana kwance a jikin sanda, iska za ta kaɗa ta, kuma in ka ƙara ja, sai dai bugun ya ƙara sauri. Maganin shi ne ka raba su.

Ɗauki bakin da ke da ƙugiya ka kai shi nesa da sanda. Maƙala shi a ƙarfen goshin jirgi, ko a wani zobe mai ƙarfi da ke gefe. In ta babban ƙyalle ce, ƙarshen sandar kwance da ke riƙe ƙasan ƙyallen ya fi dacewa. Sannan ka ja ɗaya bakin har ta miƙe, ka ɗaure a maɗaurinta. Kada ka maƙala a siririyar wayar da ke tsare mutum daga faɗawa ruwa, ba don ɗaukar ja aka yi ta ba. Idan igiyar ta wajen sanda take saukowa, ba ta cikinta ba, ɓangaren da ya rage a jikin sanda ma zai yi duka: sa guntuwar igiya ko ta roba ka janye shi zuwa wayar da ke riƙe sanda ta gefe.

Ƙarar ba ita ce ta fi damuna ba. Duk bugu yana cin rufin sandar alminiyom, yana kuma cin zaren igiyar, kuma cin yakan faru ne can sama inda ido ba ya kaiwa. Ranar da ka buƙace ta, ranar za ta tsinke.

Kada ka taɓa sakin ƙugiyar kafin ka san inda za ka maƙala ta. Nauyin ɗaya ɓangaren yana iya zuge ta har ƙololuwar sanda, daga nan sai hawa ko kwantar da sandar. A ɗaya bakin kuwa yi ƙulli mai siffar lamba 8, don kada ya zame ya shige.

Lokacin tafiya abin ya ɗan sauya. Igiyar da ke goshi tana iya naɗewa a ƙyallen gaba, musamman in mai naɗewa a jikin waya ne, don haka dawo da ita gindin sanda, ka mayar da ita nesa in kun tsaya.

In jirgin zai yi watanni a ajiye, ɗinka siririn zare mai ƙarfi a bakinta, ka zare ta, zaren ya maye gurbinta. Rana tana cinye igiya ko ba a taɓa ta ba.