Amsa ga Yayana kan zamanmu a ƙauyen Faransa

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya da iyali. Saƙon muryarka na ranar Sallah sau uku na saurare shi. Ka ce mutum ya bar Damagaram, bai tsaya Paris inda jama'a take ba, ya shige daji cikin shanu, ya auri Baturiya, har ya sayi gida, to me ya rage masa na Bahaushe? Na san da raha ka faɗa, amma maganar ta kwana a raina.

Jihar da muke ciki sunanta Creuse, a tsakiyar Faransa, babban garinta Guéret. A 1851 mutanenta sun haura 280,000, yau ba su kai 120,000 ba. Ka san abin da ya kwashe su? Cin rani. Kakanninsu magina ne, sanyi na wucewa sai maza su ɗaura ƙunshi su taka da ƙafa zuwa Paris ko Lyon, su bar mata da gona, sai ƙarshen shekara su dawo da ɗan abin da suka tara. A hankali masu dawowa suka ragu. Ranar da maƙwabcina, tsoho mai jajayen shanun nan na Limousin, ya ba ni wannan labari, na ce masa haka Baba ya yi ta zuwa Kano da Legas. Tun daga ranar ya daina kallona ta saman shinge, ya fara shigowa. Da farko ya zo da giya, na ba shi haƙuri. Yanzu ruwan tuffa yake ajiye mini. Shekarar da ƙanƙara ta rufe mana hanya, shi ya zo da tarakta tun asuba ya buɗe, don ya san ina da aiki a gidan kula da tsofaffi.

Gidan da na saya na dutse ne, da fili a baya, a kuɗin da ba zai ba ka ɗaki ɗaya a Paris ba. Ina shuka kuɓewa da yakuwa a rumfar leda saboda sanyi. Wata shekara su yi, wata shekara raɓar ƙanƙara ta ƙone su cikin dare ɗaya.

Maganar aure kuwa, a nan kuka fi yi mana rashin adalci. Kuna ɗauka zaman dadiro muke yi. Dokar ƙasar nan ta ce sai an fara ɗaura aure a ofishin magajin gari kafin na addini, mun yi hakan, sannan liman ya ɗaura da sadaki da shaidu. Ka manta zuwanmu gida? Kai da kanka ka ga matata ta durƙusa har ƙasa ta gaida Inna, ta zauna gindin murhu hayaƙi na sa ta hawaye har ta iya tuƙa tuwo. Inna ce ta sa mata lalle da hannunta. Duk da haka har yau in kun kira waya sai ku ce “ina Baturiyar?” Tana jin ku, Yaya. Tana da suna, kuma uwar 'ya'yan ƙaninka ce.

Hausawan wannan yanki ba mu da yawa, a warwatse muke, yawanci 'yan Nijar da karatu ko aikin asibiti ya kawo. Idi a Limoges muke yi, tafiyar fiye da awa guda a mota. Layya ba a yanka a tsakar gida, doka ta hana, sai a mayankar da hukuma ta amince da ita. Kana ba da sunanka tun da wuri, ka je ka karɓi ragonka a feɗe. Ina kewar ƙaurin babbakar kai a ƙofar gida, ba zan ɓoye maka ba. Amma naman muna raba shi, har tsohon nan yana samun kasonsa. Shekarun da azumi ya faɗo a watan Yuni, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, mun yi shi ba mu sha ko ɗaya ba. Muna da asusu da kowa ke zubawa duk wata, don in wani ya rasu a kai gawarsa gida, ko a nema masa wuri a ɓangaren Musulmi na maƙabarta. Wannan magana ce da ni da matata ba mu gama ta ba tukuna.

Kuma ku daina cewa mun yanke zumunci. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, jirgin Air France ya daina sauka Yamai, ofishin jakadancin Faransa ya rufe a farkon 2024. Sai mun zagaya ta Kasabalanka ko Istanbul, kuɗin tikitin mutum huɗu kuwa ka san ba wasa ba ne. Kilishin da kake cewa ban taɓa roƙonka ba, doka ce ta hana shigo da nama Turai a jaka, a filin jirgi ake karɓe shi.

Inda kake da gaskiya shi ne yaran. Suna jin Hausa sarai, amma in na yi musu magana da Faransanci suke amsawa. Wuni guda suna lakwal, babu ɗan Bahaushe ko ɗaya a ajinsu, ni kaɗai ne bakin da suke jin harshen daga gare shi. Babbar ta sauke izu biyu a hannuna, da daddare bayan na dawo aiki. Ƙaramin kuwa rannan muna tsinkar kuɓewa ya tambaye ni me ake nufi da “ƙurunƙus”, don ya ji na faɗa a ƙarshen wata tatsuniya da ban ma tuna tsakiyarta daidai ba. Kai ne ka fi zama gaban Inna, kai ka riƙe tatsuniyoyinta. Don Allah ka riƙa ɗauko mana ɗaya-ɗaya a WhatsApp, ka fara da ta Gizo da Ƙoƙi, ka yi a hankali yadda zai gane, kuma ka ambaci sunansa a farko.