Amsa ga ƙanwata da bakinta ke mutuwa a ofis

Salama, 'yan'uwa. Ƙanwata, tun jiya da daddare na ga tambayarki, na karanta na ajiye waya, can na sake ɗauka na sake karantawa. Kin ce ke kaɗai ce mai bi, wato Kirista, a ofishinku, in an zo zancen addini sai bakinki ya mutu, ga shi Fastonku ya yi wa'azi a kan wanda ya ji kunyar Yesu a gaban mutane, tun ranar ba ki da sukuni. Na ga masu jero miki ayoyi, wani ma har ya yanka miki azumin kwana uku. Allah ya saka musu. Ni tawa tabargazar zan ba ki, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ni Bahaushiya ce, 'yar wajen Malumfashi, kin kuwa san halin da irinmu muke ciki. 'Yar Kagoro ko 'yar Zonkwa in ta shiga wuri, daga jin sunanta an gama sanin ta. Ni kuwa sunana da Hausata da gyalena duk rufa mini asiri suke yi. Bayan rikicin 2000 da na 2002, da Kaduna ta rabu kowa ya kwashi komatsansa ya tsallaka kogi, ni kullum da sassafe sai in hau bas daga Sabo in haye gada zuwa wani shagon ɗinki da nake aiki a can arewacin gari. Uwar shagon ta san ko ni wace ce, ita ce ma ta ce in kama bakina saboda lafiyata da kasuwarta, ban kuma ga laifinta ba. Shekara uku ban taɓa cewa ni Musulma ce ba. Amma duk wanda ya ɗauke ni hakan, sai in bar shi da zatonsa, har wani daɗi nake ji a raina wai na iya zama da mutane.

Ranar da ba zan manta ba, saura mako guda ƙaramar sallah. Shago ya cika maƙil da atamfa da leshi, an ɗauke wuta, zafi kamar a toya ƙwai. Akwai wata Hajiya, dattijuwa, da ba ta yarda kowa ya taɓa mata kaya sai ni. In za ta zo cikin azumi sai ta ƙullo mini dabino a leda wai in yi buɗa-baki, ni kuma in sa hannu biyu in karɓa, kin ji fa. Aka kira la'asar, kowa ya miƙe ya nufi buta, ni ina kan keke ina ta taka shi kamar ban ji ba. Sai ta dafa kafaɗata ta ce, "'Yar nan, ke ba kya tashi ne? Duk zuwan da nake ban taɓa ganinki da buta ba." Ƙanwata, ko numfashi ban ja ba na ce, "Hajiya, fashin sallah nake." Haka maganar ta fito sumul, kamar na daɗe ina ajiye da ita a ƙarƙashin harshe. Ta ce ayya, sannu, ta wuce.

Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Manzo Bitrus da ya yi musun Yesu, ko ba komai a tsakar gidan babban firist yake, ga dogarai, an kama Ubangijinsa a gabansa. Ni wa na gani? Tsohuwa riƙe da leshi, mai ƙaunata, ko tsawa ba ta yi mini ba. A bas na yi ta kuka har muka haye gada, kwandasta na tambayata ko rasuwa aka yi mini. Na isa gida ban iya cin tuwo ba, na buɗe Littafi Mai Tsarki na rufe, gani nake ba ni da bakin karanta shi.

To, abin da ya fi wannan ciwo a cikin ikilisiya na same shi. Na je taron Zumuntar Mata, da aka zo roƙon addu'a na miƙe na faɗi abin da na yi, don ina zaton a gaban iyayena nake. Wata mama cikin shugabanni, ba zan kama suna ba, ta tashi ta gyara ɗaurin zaninta ta ce, "To mata, ga Yahuza a cikinmu, saboda kuɗin ɗinki ta sayar da Ubangijinta." A gaban mata sun fi arba'in. Wasu suka sunkuyar da kai, babu wadda ta ce uffan. Kafin Lahadi maganar ta kai kunnen maigidana, kafin wata ya ƙare ta kai ƙauye wurin mahaifiyata, an ƙara mata gishiri wai na musulunta a ɓoye. Ni ce mai buga tulu in muna waƙa, aka karɓe aka ba wata. Matar nan fa a Sabo take kwana, a Sabo take sayar da kayanta, ko gishiri ba ta saye sai a hannun mai bi, rabonta da zama cikin waɗanda ba addininsu ɗaya ba tun kafin rikici. Wane gwaji ta taɓa gani da za ta auna nawa? Na yafe mata, Allah ya sani na yafe, amma har gobe in na hango ta a layin cin jibin Ubangiji a coci sai na ji ƙirjina ya ɗauki zafi. Kuma kuɗin ɗinkin anko biyu da na yi mata tun kafin wannan magana har yau ba ta biya ba, wannan dai a bar shi.

Saboda in wanke kaina a idonta sai na zarce. Na samo takardun bishara cike da jaka, na shiga bas na miƙe tsaye ina ɗaga murya, ba abin da nake ambata sai wuta da hukunci. Na yi haka ya kai sau biyar. Ran nan wani tsoho mai carbi a hannu ya bari na gama sarai, ya dube ni ya ce, "'Yata, wa ya ɓata miki rai?" Na rasa ta cewa, na zauna. Gaskiya ya gani, haushin mamar nan nake saukewa a kan bayin Allah da ba su ci ba su sha ba. Ban ce masu wa'azi a mota ko 'yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai laifi suke yi ba, akwai waɗanda Allah ya ba wannan baiwa, in sun buɗe baki kowa sai ya yi tsit. Ni dai ba a ba ni ba, aron riga na yi.

Mahaifiyata ce ta dawo da ni hanya. Da na je gida ba ta yi mini faɗa ba, sai ta tuna mini da kakanmu. Bamaguje ne, kuturta ta kai shi asibitin mishan na Babbar Ruga a Katsina, lokacin da danginsa ma ba sa haɗa ƙwarya da shi. Wani ma'aikaci ya yi watanni yana wanke masa gyambo da hannunsa. Kakanmu ne da kansa ya gaji ya tambaye shi me ya sa ba ya ƙyamarsa, mutumin kuma bai ɓoye ba, ya gaya masa saboda wa yake yi. Daga wannan amsar duk zuriyarmu muka samu bishara.

Bayan sallah na sami Hajiya har gida, gabana na faɗuwa, na durƙusa na ce, "Hajiya, ƙarya na yi miki, ni Kirista ce." Ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce, "Yo wace mace ce ke fashin sallah wata goma sha biyu? Tun bara na ga Littafin Waƙoƙi a jakarki. So nake in ji daga bakinki." Sai ga tambayoyi, wai da gaske Allah uku muke bauta wa, na ce a'a Hajiya, Allah ɗaya ne, na yi mata bayani iya sanina, inda ban sani ba na ce ban sani ba. Ba zan yi miki ƙarya ba don labari ya yi daɗi, Hajiya ba ta zama mai bi ba, a addininta ta rasu, na je gaisuwa na yi kuka kamar uwata. Amma ta ji labarin gicciye da tashin Almasihu daga bakina ba sau ɗaya ba, kuma duk sanda ciwon ƙafarta ya tashi sai ta aiko a ce 'yar nan ta sa ta a addu'a.

Don haka ke kada ki ɗora wa kanki wa'azin kan tebur a ofis. Ki fara da daina ɓuya. Ranar Litinin in an ce ya hutu, ki ce lafiya lau, jiya mun je sujada, in an tambayi me aka ce ki faɗa a taƙaice. In za ki ci abinci ki yi addu'arki, ba sai kin yi kamar kina sosa ido ba, na san wannan dabarar don na yi ta. Kirsimeti ki kai musu shinkafa da cincin. Kuma don Allah ki riƙe aikinki da kyau, mai zuwa a makare da mai karɓar na goro ba ta da bakin ambaton Yesu, su ma suna kallo.

Abu ɗaya zan ja miki kunne da babbar murya: kada bakinki ya taɓa Annabinsu ko Alƙur'ani, ko da wasa, ko an tsokane ki, musamman a rukunin WhatsApp na ofis inda magana ba ta gogewa. Dukanmu mun san abin da ya faru da Deborah, ɗalibar da aka kashe a Sakkwato a 2022 bisa zargin ɓatanci ga Annabi a rukunin WhatsApp. Ubangiji da ya aike mu kamar tumaki, shi ne ya ce a yi wayo irin na maciji, duba Matiyu 10:16. Ki faɗi naki, ki bar musu nasu. In gardama ta yi zafi ki ce a yi haƙuri ki tashi, ba ki yi musun kowa ba don kin ƙi cacar baki. Ni fastocin da ke zuga yara daga kan bagade su kuma su koma gidajensu masu katanga, ina da magana da su, amma ba yau ba.

Af, in kuma namiji ne ya matsa miki da tambayar addini kullum, yana raka ki bakin titi, ki buɗe ido, wataƙila ba bishara yake nema ba. Mun ga irinsu. In kuwa kin ga wani da gaske yake neman sani, kada ki yayata, kada ki zo nan ki ba da shaida da sunansa, ki kai shi wurin dattijon da ya iya riƙe sirri, don ransa ne a hannunki.

Ki karanta 1 Bitrus 3:15, inda aka ce mu zauna a shirye mu ba da amsa ga mai tambaya, cikin tawali'u da girmamawa. Ni abin da ke kwantar mini da hankali, wanda ya rubuta shi ne mutumin da ya yi musu har sau uku.

Na cika ku da surutu, ga shi an kawo wuta kuma kayan amarya na jirana. Ƙanwata, gobe Litinin ce, in an tambaye ki ya hutu, ki dawo nan da yamma ki gaya mini me kika ce.