Lambobin yaƙin Bama da aka kawo maka shago, kar ka biya kuɗi a kan labari

Wani ɗan kasuwa mai shagon kayan tarihi a Kurmi ya turo min cewa wani matashi ya kawo masa lambobin yabo na soja guda huɗu, ya ce na kakansa ne da ya yi yaƙin Bama, yana neman dubu ɗari huɗu, wai a Landan ana gwanjon irinsu da miliyoyi. Ya saya ko ya bari?

Alhaji, dan Allah riƙe kuɗinka tukuna. Gaskiya ne akwai gidajen gwanjo a Landan irin su Spink da Noonans da suke sayar da lambobin soja, wasu kuma da tsada sosai, amma ba ƙarfen ake saye ba, sunan mai lambar ake saye da takardun da suka tabbatar shi ne, kuma duk rigimar da kake ji ana yi bayan an buga gwanjo a kan wannan ne.

Fara da juya su ka duba. Lambobin yaƙin duniya na biyu, wato 1939 zuwa 1945, irin tauraron Bama mai tsini shida, Ingila ta raba su ne ba tare da ta buga sunan kowa ba, kuma ta raba su da yawan gaske, har da mazan jiyanmu na runduna ta 81 da ta 82 da aka kwasa daga Afirka ta Yamma. To kaga ko na asali ne kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, balle ga jabunsa cike da kasuwa. Na asali da injin aka buga shi, rubutun ya fita tas, shi kuwa jabu galibi zubi ne, in ka sa tabarau mai ƙara girma za ka ga ƙananan ramuka a fuskarsa, harufan sun yi dakushi. Abin da zai ɗaga darajar irin wannan shi ne takardar sallama daga soja, hoton tsohon da kaki, littafin albashinsa. Ka tambayi yaron suna ina, ka ce kuma kana son ganin wani babba a gidansu, don kayan gado ne, gobe kar baffansa ya zo maka da ɗan sanda.

In kuwa cikinsu akwai ta azurfa mai hoton sarki Edward na bakwai, da ɗan ƙarfe a jikin ƙyallen an rubuta N. Nigeria 1903, to magana ta canja, wannan ita aka ba sojojin da suka zo Kano da Sakkwato a shekarar. Irin wannan da na yaƙin 1914 zuwa 1918 ana buga lambar aikin sojan da sunansa da rundunarsa a gefensu ko bayansu, kuma rajistar waɗanda aka ba tana ajiye a ma'ajiyar tarihi ta Kew a Landan, ana iya bincikawa. Nan ma 'yan damfara suke shiga, su goge sunan asali su zana na wani da ya fi suna, ko su maƙala ɗan ƙarfen wani yaƙi a lambar da ba tata ba. Faɗinta milimita 36 ne, ka auna ta ko'ina, in wani gefe ya rage to an kankare.

Kai ma kar ka goge su da man goge ƙarfe don su yi ƙyalli, kar ka canja ƙyallen, wallahi rage musu kuɗi kake yi.

Sannan lissafi. Gidan gwanjo zai cire la'adarsa, ga kuɗin aikawa da inshora, kuma galibinsu suna da sharaɗin in mai saye ya tabbatar jabu ne a mayar masa da kuɗinsa, kai za a biyo. Ga dokar 1979 da ta hana fitar da kayan tarihi daga Najeriya sai da izinin hukumar gidajen tarihi, don haka ka fara leƙawa Gidan Makama su gani.

Ba a cinikin biri a sama Alhaji. Ɗauki hotonsu gaba da baya da gefe, ka tura wa gidan gwanjon ta imel su yi maka ƙiyasi, sai ka yi tayi a kan abin da suka faɗa bayan ka cire kashe-kashe. In sun zo da daraja ka faɗa wa iyalan gaskiya ku yi yarjejeniyar kaso a rubuce, tsohon nan da jininsa ya samo su a dajin Bama. In ƙiyasin bai kai ba, ka ba yaron shawara ya mayar gida a adana.