Tambaya da Amsa: Ƙirƙirarriyar basira za ta raba 'yan jarida da aikinsu ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce, ina shekarar ƙarshe a karatun aikin jarida. Kullum ana ce mana ƙirƙirarriyar basira za ta karɓe aikin da muke koyo. Ga shi a cikin ƙawayena ba mai buɗe shafin jarida, komai a TikTok da WhatsApp suke gani. Me gidajen jarida ke yi a kan wannan? Ni kuma in ci gaba, ko tun da wuri in nemi wata hanyar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abubuwa biyu kika haɗa, kuma na biyun, wato ƙawayenki da ba sa buɗe shafin jarida, shi ya fi hana editoci barci. Bari dai mu fara da na farkon.

Kwamfuta ta daɗe tana rubuta labari. Tun 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya miƙa wa wata manhaja rubuta rahotannin ribar kamfanoni. A da wakilansa kan rubuta kusan 300 duk wata uku, da manhajar ta karɓa sai adadin ya haura 3,000. A 2016 jaridar Washington Post ta yi amfani da tata manhajar mai suna Heliograf wajen fitar da sakamakon wasannin Olamfik na birnin Rio. Ba a yi wani ihu ba a lokacin, domin aikin cike gurbi ne: edita ya tsara jimloli ya bar wuraren sa alƙaluma, manhaja ta zuba su. Abin da ba a ba ta ba, ba ta faɗarsa.

Wadda ta zo da ChatGPT a ƙarshen Nuwamba 2022 halinta daban ne. An horar da ita da ɗimbin rubutu har ta ƙware wajen hasashen kalmar da ta dace ta biyo bayan wata. Shi ya sa zancenta ke da santsi, shi ya sa kuma take iya shirga ƙarya ba tare da muryarta ta sauya ba. Kamar sabon ɗan koyo ce mai saurin hannu wanda ke jin kunyar cewa "ban sani ba".

Waɗanda suka sakar mata ragama sun ji jiki. A Janairu 2023 aka gano shafin labaran fasaha na CNET ya wallafa maƙaloli 77 da manhaja ta rubuta, da aka bi su ɗaya bayan ɗaya sai da aka yi wa 41 gyara. A Mayu 2025 jaridar Chicago Sun-Times ta buga jerin littattafai 15 da ta shawarci mutane su karanta a lokacin hutu, goma daga ciki babu su a duniya. Marubutan na gaskiya ne, littattafan manhaja ce ta ƙago musu, har da bayanin abin da kowanne ya ƙunsa. Wanda ya haɗa jerin bai duba ba, waɗanda suka saya suka buga su ma ba su duba ba. Ni a wannan ban ga laifin manhaja ba, na editoci na gani.

Daga irin wannan tuntuɓe manyan gidaje suka tsaya a kan ƙa'ida kusan iri ɗaya. AP ta rubuta tata a Agusta 2023: duk abin da manhajar ta fitar a ɗauke shi a matsayin bayanin da ba a tantance ba, kada ya isa ga mai karatu sai ɗan adam ya bi shi ya ɗauki alhakinsa. Saboda haka yawancin aikinta a bayan fage yake. Wakiliya ta dawo da hira ta awa guda a wayarta, manhaja ta rubuce ta cikin 'yan mintuna, aikin da a da yakan cinye rabin yini. Sai ta nemo jimlar da za ta ambata, ta sa abin saurare a kunne, ta koma daidai wurin ta ji da kanta, domin in manhajar ta haɗiye "ba" guda ɗaya, minista ya amince da abin da ya musanta ke nan. Haka ake yi da fassara, da taƙaita rahoto mai shafi ɗaruruwa, da ba da shawarar kanun labari, da tono suna ɗaya a cikin tarin takardu. A harsunan da rubutunsu bai yawaita a intanet ba kuwa, kuskuren ya fi yawa, bin diddigin ya fi nauyi.

Yanzu ga ƙawayenki. Shekara da shekaru gidajen jarida sun dogara da ƙofofi biyu da ba nasu ba, Facebook da Google. Mutum ya ga kanun labari can, ya latsa, ya shigo shafin jarida, ya ga talla, jarida ta samu na gudanar da aiki. Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ta fara rufe tata ƙofar: ta rage nuna labarai, a Kanada ma ta toshe su gaba ɗaya tun Agusta 2023 saboda dokar da ta nemi ta riƙa biyan masu labaran. Shafin labarai na BuzzFeed News, wanda ya ginu a kan masu shigowa daga shafukan sada zumunta har ya ci lambar yabo ta Pulitzer, a Afrilu 2023 aka sanar da rufe shi.

Sai Google, a Mayu 2024, ya fara ɗora taƙaitacciyar amsar manhaja a saman sakamakon bincike. Cibiyar Pew ta Amurka ta bi yadda mutane ke yi a 2025: in akwai wannan taƙaitawa, sau 8 cikin 100 ne ake latsa wani shafi, in babu ita sau 15. Ki lura da abin da ya faru. Jarida ce ta biya wakili, ta biya kuɗin tafiya, ta ɗauki kasadar a maka ta a kotu, amma mai karatu ya samu amsarsa tun a bakin ƙofa ya juya. Lokacin da jaridar intanet ta Business Insider ta sallami kashi 21 cikin 100 na ma'aikatanta a Mayu 2025, raguwar masu shigowa tana cikin dalilan da ta bayar. Da yawa daga cikin ayyukan da ke salwanta ta wannan hanyar suke tafiya, ba don an zaunar da kwamfuta a kujerar wani ba.

Abin takaicin, amsar da ake samu a bakin ƙofar ba kullum take daidai ba. BBC ta gwada manhajoji huɗu a kan labaranta, ChatGPT da Copilot da Gemini da Perplexity, ta bayyana a Fabrairu 2025 cewa kashi 51 cikin 100 na amsoshin suna da babbar matsala. Kafin nan manhajar Apple ta taƙaita wani saƙon BBC ta ce wanda ake zargi da kisan wani shugaban kamfanin inshora a New York ya harbe kansa, alhali yana raye a tsare. Da tambarin BBC ƙaryar ta bayyana a wayoyin mutane. Sai a Janairu 2025 Apple ta dakatar da tsarin.

A kan kuɗi gidajen sun rabu. New York Times ta kai OpenAI, kamfanin da ya ƙera ChatGPT, da Microsoft kotu a Disamba 2023 bisa zargin horar da manhaja da rubutunta ba izini. AP da kamfanin jaridu na Axel Springer na Jamus da Le Monde ta Faransa da Financial Times sun zaɓi ƙulla yarjejeniya da OpenAI a biya su, an kuma ruwaito cewa ta News Corp ta haura dala miliyan 250 a shekara biyar. Duk manya ne. Ƙaramar jarida ba ta da lauyoyin shiga kotu, ba wanda ke neman ta a teburin ciniki.

Masu sauraron su ma sun sauya. Rahoton Cibiyar Reuters da ke jami'ar Oxford na 2025 ya nuna kashi 40 cikin 100 na waɗanda aka tambaya suna kauce wa labarai da gangan a wasu lokuta, daga kashi 29 a 2017. A Amurka shafukan sada zumunta da na bidiyo sun sha gaban talabijin a karon farko. Masu neman labari daga manhajojin hira duk mako kashi 7 ne kacal, amma a 'yan ƙasa da shekara 25 sun kai kashi 15. Don haka gidajen jarida suke bin mutane har inda suke: gajeren bidiyo a tsaye, tashoshin WhatsApp, shirye-shiryen saurare, wasiƙar labarai ta imel. Suna fito da fuskar wakili fili, ganin matasa sun fi yarda da mutumin da suka saba gani a kan tambarin kamfani. Masu ƙarfi kuma suna neman mai karatu ya biya su kai tsaye. A 2024 New York Times ta wuce masu biya miliyan 11, kodayake da yawansu wasannin kalmomi da wasu sassan da ba na labarai ba ne suka jawo su.

Shawarata ki ci gaba, amma ido a buɗe. Ƙananan ayyukan da sabon ɗauka ke koyon sana'a da su, irin sake rubuta sanarwar manema labarai da fassara labaran kamfanonin dillanci, su ne manhaja ta fi iyawa, su ne kuma za su fara ƙaranci. Wannan ya dame ni, domin ta nan editocin yau suka bi suka goge. Abin da ba ta iyawa shi ne samo bayanin da ba a taɓa rubutawa ba: zama a kotu har a yanke hukunci, sa jami'in da ke tsoro ya buɗe baki, gane cewa wannan hoton na wata shekara ne ko muryar nan haɗa ta aka yi. Ki zaɓi fanni guda, lafiya ko kotu ko kasafin kuɗi, ki san shi har masu aikinsa su riƙa ɗaukar wayarki. Ki koyi ɗaukar bidiyo da tace shi a waya. Manhajojin ma ki yi ta amfani da su, musamman a kan batun da kika sani sarai, don ki gane inda suke zamewa. Sai dai kada ki zuba musu sunan majiyar da kika yi wa alkawarin sirri ko takardar da aka ba ki a ɓoye, saboda abin da kika shigar yana zuwa rumbun wani kamfani ne. Ranar neman aiki kuma ki tafi da labari biyu ko uku waɗanda ke kika tono su da ƙafarki, tare da bayanin yadda kika tabbatar da kowanne.