Amsa: Ɗanyen abinci ya fi dafaffe ga wanda ya bar nama?

Ƴar'uwa, kin ce tunda kin bar nama, madara da ƙwai, kina so ki koma cin komai ɗanye, wai wuta na kashe amfanin abinci. Gaskiya ban goyi bayan haka ba.

Tafasa na rage bitamin C, musamman in an zubar da ruwan, don haka gwanda, lemo da latas ki ci su yadda suke. Amma tumatir, jiki ya fi samun laikofin ɗinsa, wato sinadari mai amfani da ke sa shi ja, in an dafa shi da ɗan mai. Karas ma, jiki ya fi samun wasu sinadaransa masu amfani in an dafa shi.

Wake kam, kada ki kuskura. Ɗanyen jan wake na ɗauke da lektin, wani sinadari mai jawo amai da gudawa, sai an jiƙa an tafasa shi sosai. Rogo mai ɗaci kuma yana fitar da gubar sayanayid, shi ya sa ake gurza shi, a bar shi ya yi tsami, a soya kafin ya zama gari.

Abin da ya fi damuna shi ne bitamin B12. Ganye ba ya ba da shi, ɗanye ko dafaffe. Don Allah ki riƙa shan ƙwayarsa, domin rashinsa na jawo ƙarancin jini, yana kuma lalata jijiyoyi.