Zuwa Landan kallon wasan daɓe kai kaɗai: yadda za ka tsara Juma'a zuwa Lahadi

Wa alaikumus salam ƙanina. Ka ce kana karatu a Manchesta, kana so ka shiga Landan ranar Juma'a ka koma Lahadi, kai kaɗai kuma karon farko, ka kalli wasan kwaikwayo na daɓe biyu ko uku, ga shi aljihu ba nauyi, kana tambayar ta ina za ka fara.

Fara da agogon gidajen wasan, domin shi ne ba ya lanƙwasuwa. Yawancinsu suna taruwa ne a unguwar da ake kira West End, wato kewayen Shaftesbury Avenue, Covent Garden, Strand da Leicester Square, wanda ake furtawa Lesta. Wasan dare yakan fara da ƙarfe 7:30, na rana da 2:30, kuma kusan kowane gida yana yin biyun ranar Asabar. Wasa yakan ɗauki awa biyu da rabi har da hutun minti 15 zuwa 20 a tsakiya. Ranar Lahadi mafi yawansu a rufe suke, sai wasu manyan wasanni na kiɗa da waƙa da ke yin na rana. Saboda haka gurabenka huɗu ne kacal: daren Juma'a, Asabar da rana, Asabar da dare, sai Lahadi da rana in ka samu. Kada ka cike huɗun. Wasa biyu a rana ɗaya awa biyar ne a kujera mai matse gwiwa, kuma na biyun da gyangyaɗi ake ƙarasa shi. Biyu ya wadatar, uku shi ne iyaka.

Shawarata ka sayi tikiti ɗaya tun yanzu, na wasan da in ba ka gan shi ba za ka ji tafiyar ta tashi a banza, ka sa shi Asabar da dare. Sauran ka bar su sai ranar. Kada ka sa mai tsadar a daren Juma'a, domin in jirgi ya makara ka iso bayan an fara, ba za su bar ka ka shiga ba sai an kai wata gaɓa, wani lokacin sai hutun tsakiya, kuma kuɗinka ba ya dawowa.

Zuwa kai kaɗai riba ce a wajen tikiti. Kujera tilo da ta rage tsakanin mutane ita ce ta fi wuyar sayarwa, don haka ita ake yawan sakewa da rangwame a ranar wasan. Hanyoyin da aka sani uku ne. Akwai rumfar da aka fi sani da TKTS a gefen kudu na lambun Leicester Square, ta ƙungiyar gidajen wasan Landan ce da kanta, tana sayar da tikitin ranar da ragi, kuma ma'aikacin zai nuna maka inda kujerar take kafin ka biya. Ka lura, ita kaɗai ce ta hukuma a wajen. Shagunan da ke titunan gefe masu allon "rabin farashi" 'yan kasuwa ne kawai, wasunsu sukan ɗora lada mai yawa a kan kujerar banza. Ta biyu manhajar TodayTix, wadda take sakin wasu tikitoci masu rahusa da ƙarfe 10 na safiyar ranar wasan. A cikin mintuna suke ƙarewa, sai ka shigar da katinka tun daren jiya, ka buɗe manhajar kafin 10 ta buga. Ta uku kuwa ka je tagar sayar da tikiti ta gidan wasan da ƙafarka ka tambaya ko akwai kujera ɗaya da ta rage ko wadda aka maido. Mutane suna raina wannan, alhali babu kuɗin dillali a ciki.

Sai ka san sunayen kujerun, don a nan baƙo ya fi faɗawa. Stalls ita ce ƙasa, gaban dandamali. Dress Circle ko Royal Circle bene na farko ne, kuma sau da yawa nan ne kallo ya fi daɗi. Upper Circle ko Grand Circle bene na biyu. Balcony ko Gallery can ƙololuwa, matakala a tsaye kamar tsani, 'yan wasan kana hango su ƙanana. Gidajen da yawa an gina su fiye da shekara 100 da suka wuce, akwai ginshiƙai a tsakiyar zaure, kuma benen sama yakan rufe wa layukan baya na ƙasa saman dandamali. In ka ga an rubuta restricted view a tikiti, ma'anarsa wani abu zai tare maka kallo. Wani ƙarfen dogarawa ne kawai da ba ya hana komai, wani kuwa rabin dandamalin ne ba za ka gani ba, farashin kuma ɗaya. Kafin ka biya, ka sa lambar kujerar a shafin SeatPlan, za ka ga hotunan da masu kallo suka ɗauka daga ita. In kana da tsayi, nemi ta bakin layi don ka samu wajen miƙe ƙafa.

Ba West End ce kaɗai ba, kuma ba ita ce mai araha ba. Tsallaken kogin Thames akwai National Theatre mai dandamali uku, Olivier da Lyttelton da Dorfman. Ginin zamani ne, ba ginshiƙin da zai tare ka, kuma sukan saki tikitin fam 10 ranar Juma'a da ƙarfe 1 na rana don wasannin mako mai zuwa, wato Juma'ar da ta gabaci tafiyarka za ka zauna a kai. Harabarsa a buɗe take ga kowa ko ba tikiti, akwai kujeru da ban-ɗaki, wuri ne mai kyau na hutawa tsakanin wasa da wasa. Tafiyar kamar minti 15 daga nan a bakin kogi sai Shakespeare's Globe, wanda aka buɗe a 1997 bisa fasalin gidan wasa na zamanin marubuci Shakespeare. Tikitin tsayuwa a filin gaban dandamali fam 5 zuwa 10 ne, babu kallon da ya kai shi araha a garin. Amma tsayuwa ce ta gaske, kusan awa uku, ba a yarda ka zauna a ƙasa ba, sama a buɗe take, in ruwa ya sauko ba a tsayar da wasa kuma ba a buɗe lema. Ka je da rigar ruwa, ka shiga da wuri ka kama jikin dandamali ko bangon baya don ka samu majingina. Daga wajen Afrilu zuwa Oktoba yake aiki. Turancin wasannin tsoho ne, ko 'yan ƙasa yana ba su wuya, don haka karanta taƙaitaccen labarin kafin ka shiga. Haka kowane wasa ma, duba shafin gidan, sukan rubuta shekarun da ya dace da su da gargaɗi in akwai tsiraici ko batsa, kada ka biya kuɗi ka zauna kana sunkuyar da kai.

Salla ma da agogon nan za ka auna ta. A Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4, wato magariba za ta same ka a tsakiyar wasan rana, la'asar kuwa ta shiga tun kafin 2:30, sai ka yi ta kafin ka shiga. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan 9, magariba tana cikin wasan dare ke nan. Kai matafiyi ne, batun ƙasaru da haɗa salloli ka tambayi malaminka tun kafin ka taso. Kusa da gidajen wasan akwai ƙaramin masallaci a Berwick Street cikin Soho. Manyan su ne na Regent's Park da na East London da ke Whitechapel.

Batun ciki kuwa, ka'idar ɗaya ce: kada yunwa ta kama ka a Leicester Square da ƙarfe 6:30. Nan ne ake sayar wa baƙi abincin da bai kai ba a farashin da ya wuce, kuma a lokacin ko'ina layi ne. Ka ci babban abincinka da rana a wata unguwa, ka riƙe ƙarami don yamma. Kana sauka a tashar Euston, ga Drummond Street nan a gefenta, gidajen abincin Indiyawa ne na ganye zalla, wasu suna yin na ɗiba-da-kanka da rana a farashi ɗaya, ba ka da damuwar yanka. Whitechapel tasha uku ce daga Tottenham Court Road a layin jirgi na Elizabeth, kuma kewayen masallacin galibi abincin halal ne na 'yan Bangaladash da Pakistan: biriyani, gasasshen nama, gurasa mai zafi. Gidan abinci na Tayyabs ya yi suna a wajen, sai dai cunkosonsa da daren Asabar ba na mai sauri ba ne. Edgware Road ta Larabawa ce, shawarma da falafel har tsakar dare, ita ce mafita in ka fito wasa da ƙarfe 10 cikinka na kuka. In kuma kewar gida ce, bas mai lamba 12 zai kai ka Peckham, inda Rye Lane take cike da shagunan 'yan Najeriya, ka samu dafa-duka da tsire. Wannan tafiyar rabin yini ce, ka bar ta sai Lahadi.

Na yamma, shiga kantin Tesco ko Sainsbury's ka ɗauki haɗin da suke kira meal deal, sanwic da abin sha da ɗan abin taɓawa a wajen fam 4. Na kifin tuna ko ƙwai ko cuku ya fi kwanciyar rai. Chinatown tana manne da gidajen wasan kuma burodinsu yana da araha, amma naman alade da kitsensa suna shiga abubuwa da yawa, har wanda ba ka zata ba, sai ka tambaya. Soyayyen kifi da dankali ma ka tambaya, wasu da giya suke kwaɓa fulawar. Kasuwar Borough kyakkyawa ce ga ido, amma ranar Asabar turereniya ce kuma ba ta da araha; kasuwar abincin da ake kafawa bayan Royal Festival Hall daga Juma'a zuwa Lahadi ta fi dacewa da mai zuwa National. In ka zauna a gidan abinci, duba takardar kuɗin, sukan ƙara kashi 12.5 cikin 100 na hidima, in an ƙara ba sai ka bar wani tukuici ba. Ruwan famfo kyauta ne, amma sai ka ce na famfo kake so, in ba haka ba na kwalba za a kawo. A cikin gidan wasa komai ninki ne, ka shiga da gorar ruwanka.

Masauki shi zai ci kaso mafi girma, daren Asabar kuma ya fi kowane dare tsada. In za ka iya kwana da baƙi, gado a hostal irin na YHA ya fi sauƙi. Duba ko ɗakin na maza zalla ne, domin da yawa a gauraye suke, ka tafi da kwaɗonka na kulle loka da abin toshe kunne. In ɗakinka kake so, nemi otal ɗin Travelodge ko Premier Inn a shiyya ta 2 kusa da tasha (an kasa garin shiyya-shiyya don kuɗin jirgi, ta 1 ce tsakiya). Zaɓi wanda yake kan layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Victoria, Central, Jubilee, Northern ko Piccadilly, su ne masu aiki dukan dare ranar Juma'a da Asabar. Masauki mai arha a shiyya ta 5 kuɗin mota da tafiyar awa guda da tsakar dare za su cinye ragin. Ɗaki ba a cika bayarwa kafin ƙarfe 3 na rana ba, gidajen wasa kuma ba sa karɓar babban akwati, ga binciken jaka a ƙofa. Jakar goyo ɗaya ta ishe ka kwana biyu.

Jirgi daga Manchesta zuwa Euston awa biyu da 'yan mintuna ne, bas ɗin National Express zuwa Victoria kusan awa biyar amma ya fi araha nesa. Tikitin jirgi na Advance yana da sauƙi in ka saya da wuri, sai dai na wannan jirgin ne kaɗai, ka rasa shi ka rasa kuɗin. Katin 16-25 Railcard yana rage kashi ɗaya cikin uku, kuma ɗalibin cikakken lokaci yana iya samunsa ko ya haura 25. Ranar Lahadi ake yawan gyaran layin dogo, duba kada a mayar da kai bas a tsakiyar hanya. In za ka kalli wasan rana ran Lahadi, kada ka sayi jirgin da zai tashi kafin ƙarfe 7.

Cikin gari, taɓa katin bankinka a ƙofar tasha kawai. Abin da za a cire maka a yini a shiyya ta 1 da ta 2 yana tsayawa a wajen fam 9, da sharaɗin kati ɗaya ka riƙe. In ka shiga da kati ka fita da waya, na'urar mutum biyu take ɗaukar ka, ta ci ka cikakken kuɗi sau biyu. Bas ba ya karɓar tsabar kuɗi. West End ɗin kanta da ƙafa ake yin ta. Tsakanin tashar Leicester Square da ta Covent Garden bai kai mita 300 ba, kuma in ka sauka a Covent Garden kada ka bi matakala don gudun layin lifta, 193 ce. Kekunan ɗaukar fasinja masu fitilu da kiɗa da ke jira a ƙofar gidajen wasa kuwa, ko sallama kada ka yi musu, sun yi ƙaurin suna wajen tsuga kuɗi. Wayarka ma kada ka tsaya a bakin titi kana latsawa, masu fizge a kan keken lantarki sun yi yawa, kuma tikitinka duka a cikinta suke. Ajiye kwafinsu a imel, ka tafi da abin caji.

Safiyar Asabar, bayan ka kama tikitin ƙarfe 10, kana da awa huɗu. Gidajen zane-zane da kayan tarihi na National Gallery da British Museum da Tate Modern duk kyauta ake shiga, amma ɗaya za ka zaɓa, ka adana ƙafarka. In za ka tsallaka zuwa National Theatre ta gadar Waterloo, ratsa ta Aldwych ka ga Bush House, ginin da Sashen Hausa na BBC ya yi shekaru yana watsa shirye-shirye daga cikinsa har 2012. Yanzu jami'ar King's College ke amfani da shi. Ka isa ƙofar gidan wasa minti 30 kafin lokaci. Babu wata shiga ta musamman da ake nema, kaftani da hula ma ba mai kallon ka, sai dai in hular doguwa ce ka tuna da na bayanka.